Tallan Da Bai Shiga Kunne Ba Asarar Kuɗi Ne: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Damargu Su Sani Kan Lasifikar Kunne

Duk wanda ya san ƙasar Damargu ya san cewa ƙasa ce ta gero da dabbobi da fatauci. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke tasowa daga Kano da Damagaram su nufi Agadas, a nan fatake ke yada zango su auni hatsin guzuri, har ma Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A yau ma garin Tanut, wanda ke kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan titin Agadas, da kuma Belbeji da ke yamma da shi a yankin Tarka, wadda aka ɗaga ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, ba su rabu da wannan gado ba. Ranar kasuwa za ka tarar da Bahaushe da Buzu da Bafillace da Babarbare, wani ya koro bisashe, wani ya kawo gero, wata ta kasa atamfa da turare, kowa na neman abin rufin asiri.

Sai dai akwai wani abu da ya canza a harkar saye da sayarwa wanda ba kasafai ake tsayawa a yi nazarinsa ba, wato yadda ɗan kasuwa ke isar da muryarsa ga mai saye. A yanzu da yawa daga cikin 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a suna fitar da kuɗinsu su biya a ɗaukar musu talla, a sa a rediyo, ko a lasifikar da ake ɗaura wa babur ko amalanke, ko kuma a tura a WhatsApp. Wani tallan yakan fita raɗau kowa ya ji, wani kuwa sai ka kasa kunne ka gaji ba ka gane farashi ba, ba ka gane inda shagon yake ba. Kuɗi dai ya riga ya tafi. To, shin daga ina wannan bambanci yake fitowa? Wannan tambaya ce ta kai mu ga wani ɗan kayan aiki da ake rainawa, wato lasifikar kunne.

Daga bakin mai shela zuwa cikin memori

A da can, idan attajiri ya sauke kaya ko an yi ɓatan raƙumi ko saniya, mai shela ake nema a ba shi goro ya zaga kasuwa da unguwanni yana faɗa. Shi mai shela yana ganin fuskokin mutane, idan ya lura hayaniya ta danne shi sai ya ɗaga murya, idan wani bai ji ba sai ya maimaita. Da lasifika ta zo sai ta ƙara wa murya nisa, daga baya kaset ya zo ya hutar da maƙogwaro. A farkon shekarun 1990 aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu a Jamhuriyar Nijar, inda aka sami irin su rediyon Anfani wanda ya buɗe reshe a Damagaram. Wajen shekarar 1999 kuma aka kafa rediyon karkara na farko a Bankilare da ke yammacin ƙasar, mai aiki da hasken rana, kuma a yau ire-irensa sun haura ɗari. Waɗannan ƙananan gidaje su ne ke ɗaukar sanarwar aure da suna da rasuwa da cigiyar dabba da tallan ɗan tireda, a cikin harshen da mutanen wurin ke ji.

Bayan haka sai wayar salula ta iso da memori da Bluetooth, ta mai da aljihun kowa gidan rediyo. Misalin da ba za a manta ba shi ne na mawaƙin nan Buzu ɗan jihar Tawa, Mdou Moctar, wanda ya je Sakkwato a shekarar 2008 ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a situdiyo irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya a cikin Sahara, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sa ɗaya daga cikinsu a wani faifai da ya fitar a 2011, wanda aka tattara waƙoƙinsa daga memorin wayoyin jama'a. Daga nan duniya ta san shi. Wannan ya nuna mana cewa sautin da aka gyara da kyau yana iya zuwa inda mai shi bai taɓa takawa ba. Amma fa akwai sharaɗi: sautin da aka naɗa ba ya ganin fuskar mai sauraro kamar yadda mai shela ke gani. Yadda ya fito daga hannun mai haɗa shi, haka zai yi ta yawo, da kyansa ko da aibinsa.

Tiyar mai haɗa sauti

Mai sayar da gero yana da tiya, mai nama yana da sikeli, tela yana da tef. Shi kuwa mai haɗa sauti, ma'auninsa shi ne abin da yake saurare da shi. A manyan situdiyo akwai ɗaki na musamman da aka lulluɓe bangonsa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, da lasifikoki masu tsada. Amma yaron da ke zaune da kwamfuta a ɗan shago a Tanut ko Belbeji ko Bakin Birji, ƙarƙashin rufin kwano, janaretan maƙwabci na ruri, ba shi da wannan gata. Dole ya dogara da lasifikar da ake kifawa a kunnuwa biyu, wadda ma'aikatan rediyo a Nijar kan kira da sunanta na Faransanci, kask. Ba ƙaramar nan da ake cusawa cikin kunne muke nufi ba, wadda samari ke kira iyafis.

Ita wannan babbar iri biyu ce. Akwai mai rufaffen baya, wadda bayan kofinta a toshe yake kamar murfin kwano. Akwai kuma mai buɗaɗɗen baya, wadda bayanta raga ce ko ƙananan huji kamar rariya. A cikin kowace akwai wani ɗan siririn faifai da ke karkarwa ya motsa iska, motsin nan shi ne sauti. Shi faifan gaba da baya yake tura iska. A cikin rufaffiyar, iskar da ta tafi baya ba ta da mafita, sai ta bugi murfin ta dawo ta cakuɗu da wadda ke shiga kunne, kamar dai mutum ya yi magana a cikin tulu. Wannan yakan sa wani sashe na sautin ya kumbura, musamman mai kauri irin na ganga. A cikin buɗaɗɗiyar kuwa iskar baya ficewa take yi, don haka abin da ke isa kunne ya fi kusa da ainihin abin da aka ɗauka, kuma mutum yakan ji kamar sautin na zuwa ne daga fili, ba daga cikin ƙoƙon kansa ba. Bugu da ƙari ba ta tara zafi da gumi, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai zama awa uku ko huɗu a kan aiki a watan Afrilu.

Iyayenmu mata masu sayen atamfa za su fi kowa gane wannan magana. Idan kina son sanin ainihin launin zane, ba kya yarda da ƙwan lantarkin cikin shago, sai kin fito da shi bakin ƙofa kin duba a hasken rana. Lasifikar da ake sayarwa don jin daɗin kiɗa tamkar ƙwan shagon nan take, an yi ta ne ta ƙawata komai. Wadda aka yi don aiki kuwa hasken rana ce, ba ta yi wa kowa kara.

Kamfanin Sennheiser na ƙasar Jamus ne ya fara fito da mai buɗaɗɗen baya a shekarar 1968, mai lamba HD 414, kuma ta karɓu har aka sayar da miliyoyi. Daga baya kamfanin AKG na ƙasar Ostiriya ya fito da K240 a tsakiyar shekarun 1970, wadda rabinta a buɗe rabinta a rufe. Kamfanin Beyerdynamic, shi ma na Jamus, yana da tagwaye guda biyu da masu situdiyo suka sani: DT 770 rufaffiya da DT 990 buɗaɗɗiya. A 1997 Sennheiser ya sake fito da HD 600, wadda har gobe masu gyaran ƙarshe na waƙa ke auna wasu da ita. A ɓangaren rufaffu kuwa, Sony MDR-7506 da ta fito a 1991 ta cika gidajen rediyo da talabijin na duniya.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da an sayi buɗaɗɗiya shi ke nan an gama. Hujin da ya sa take faɗar gaskiya shi ne kuma rauninta. Da farko dai, yadda sauti ke fita ta bayanta haka hayaniyar waje ke shigowa. Wanda shagonsa ke bakin tasha ko kusa da injin niƙa, in ya sa ta da rana tsaka ba abin da zai ji sai kukan babura da cinikin awaki, sai dai ya bari sai bayan sallar isha ko da sassafe lokacin da gari ya yi tsit.

Na biyu, ba a ɗaukar murya da ita. Idan mai karanta talla ya sa ta a kunne ya tsaya gaban makirufo, kiɗan da ake sa masa don ya bi zai zubo ta baya ya shiga makirufon, ya manne da muryarsa yadda ba mai iya raba su. Saboda haka ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, rufaffiya wajen ɗauka, buɗaɗɗiya wajen gyara. Wanda ƙarfinsa bai kai ya sayi biyu ba, kuma a cikin kasuwa yake aiki, gara ya sayi rufaffiya mai kyau guda ɗaya ya saba da halinta.

Na uku, ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Damargu ya san yadda ƙura ke shiga har cikin kwanon abinci a rufe, balle raga a buɗe. In ƙura ko gashi ya kwanta a kan siririn faifan nan sai a fara jin wani ɗan zizar kamar ƙuda ya shiga. Maganin abin shi ne a riƙa mayar da ita cikin jaka ko akwati da zarar an gama aiki, kuma kada a bar ta a rana ko a cikin mota a kulle.

Na huɗu, wanda ya fi cinye wa mutane kuɗi, shi ne batun ƙarfin wutar da take bukata. A jikin kwalin kowace za a ga an rubuta lamba da ake kira om. Wadda aka yi don waya takan kasance om 16 zuwa 32. Amma DT 990 ta situdiyo an fi saninta da om 250, HD 600 kuma om 300 ce. In aka jona irin waɗannan a waya ko ƙaramar kwamfuta kai tsaye, sauti zai fito a shaƙe ba ƙarfi, sai mai ita ya zaci an sayar masa da jabu, alhali kuwa amfilifaya take nema ko ɗan akwatin sauti da ake jonawa da kwamfuta. Kamar mutum ne ya sayi amalanken shanu ya ɗaura wa ɗan akuya. Ga shi kuma kuɗinsu ba wasa ba ne, wata ta haura dala ɗari, wata ɗari uku, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwar Belbeji mai sefa biyar ba.

Me ya sa murya ke nutsewa cikin kiɗa?

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga karkarwa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda. Amma abin da ke sa a gane magana yana tsakiya ne, shi ya sa tsohuwar wayar tarho ba ta ɗaukar komai sai daga 300 zuwa 3,400, kuma duk da haka ana fahimtar juna. Ƙaramin akwatin rediyo mai batir da lasifikar wayar salula su ma kusan wannan tsakiyar kaɗai suke iya fitarwa da kyau, sautin ganga mai kauri ba sa iya masa. Ga shi kuma lasifikarsu ɗaya ce, ba dama da hagu.

Shi kuwa mai haɗa sauti, yana zaune da lasifika biyu manne da kunnuwansa, muryar mai talla na tsakiyar kansa, yana jin ko numfashinsa. Sai ya ga ai muryar ta isa, ya ƙara wa kiɗa ƙarfi don abin ya yi armashi, ya zuba amsa-kuwwa, ya watsa wani sauti dama wani hagu. A kunnensa abin sai son barka. Amma da an kai shi rumfar masu hatsi aka sa a rediyon da ke rataye a jikin ginshiƙi, sai dama da hagu su haɗe wuri guda, kiɗa da hayaniyar kasuwa su taru su danne muryar.

A harshen Hausa wannan matsala ta fi tsanani, domin harshe ne da hawa da saukar murya da jan wasali ke canza ma'ana. Garin da ake zama a ciki daban, garin da ake tuƙa tuwo da shi daban. Farin zane daban, farin da ke ƙone gona daban. In aka cika wa murya kwalliya da injin lanƙwasa murya irin na mawaƙan finafinai, sai waɗannan bambance-bambance su dushe. Haka nan lambobi: talatin da tamanin, ko sittin da saba'in, a cikin hayaniya ba wuya ɗaya ya koma ɗaya.

Manyan masu sana'ar a ƙasashen waje sun daɗe da gane haka. A situdiyon Amurka akwai wata 'yar ƙaramar lasifika mai kama da akwatin sabulu da ake kira Auratone, wadda ba ta da daɗin sauti ko kaɗan, amma ana ajiye ta ne musamman don a ji yadda waƙa za ta fita a rediyon talaka. Ko faifan Thriller na Michael Jackson da ya fito a 1982, wanda ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, sai da Quincy Jones da injiniyansa Bruce Swedien suka riƙa gwada shi a irin wannan ɗan akwati. In har masu kayan miliyoyi ba su raina ƙaramar lasifika ba, ina dalilin namu yaran na raina ta?

Kafin a biya cikon kuɗi

Ga ɗan kasuwa ko mai sana'ar da za ta ba da aikin talla, ba lallai ba ne ta san om ko sunan wani kamfanin Jamus. Abin da ya wajaba shi ne ta san haƙƙinta. Tun farko a yi yarjejeniya cewa za a ba da kafin alƙalami, ciko kuma sai an saurara an gamsu, tare da damar gyara sau ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan ya ce an gama, kada ki yarda ya kifa miki tasa lasifikar a kunne ki ji daɗi ki biya. Ki ce ya tura miki a wayarki, ki fita da ita waje inda ake hayaniya, ki sa a lasifikar wayar, ki miƙa wa wata da ba ta san abin da aka rubuta ba. Bayan ta ji sau ɗaya ki tambaye ta: me ake sayarwa, a ina, nawa ne? In ta amsa duka, aiki ya yi. In ta yi inda-inda, a koma a rage kiɗa. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wajen rubuta abin da za a faɗa, a taƙaita. Rabin minti zuwa minti guda ya wadatar. A ambaci sunan shago da kwatancensa a farko, a kuma maimaita a ƙarshe. Lambar waya a karanta ta a hankali sau biyu, kuma a lokacin a sauke kiɗa ƙasa sosai ko a tsayar da shi gaba ɗaya. A tuna cewa lambar Nijar takwas ce, ta Nijeriya goma sha ɗaya, don haka mai abokan ciniki a ƙasashen biyu ya fayyace wacce ce wacce. Haka batun kuɗi: jikka a Nijar sefa 1,000 ce, jaka a Kano kuwa naira 200 aka sani. Talla a WhatsApp ba ya tsayawa a iyaka, wanda aka yi don mutanen Tarka gobe yana iya faɗawa wayar wani a Dawanau ko Maigatari. A faɗi sefa ko naira ɓaro-ɓaro, a faɗi tiya ko mudu ko buhu, don kauce wa rigima. Kayan da farashinsu ke hawa da sauka kamar gero da wake, gara ma kada a sa farashin a cikin abin da aka naɗa, tun da sautin zai ci gaba da yawo bayan farashi ya tashi. Sannan wanda yawancin masu sayen kayansa Buzaye ne ko Fulani, ya nemi mai jin harshen sosai ya karanta, ba wanda ya tsinci kalma biyar a kasuwa ba.

A ƙarshe a karɓi ainihin aikin a memori a adana. Minti guda na MP3 mai kyau bai fi megabait ɗaya zuwa biyu ba, ba zai cika wa kowa waya ba. Babban kuskuren da ake yi shi ne a kunna talla a wata waya a kara wata a bakinta a sake ɗauka. Wannan kamar a wanke sabon zane da ruwan kanwa ne, duk wahalar da aka sha ta tafi a banza.

Ga masu sayar da kayan waya

'Yan uwa masu teburin caja da memori da iyafis, ku ma maganar ta shafe ku. Kasuwa ta cika da kayan da aka buga musu sunayen manyan kamfanoni alhali ba daga can suka fito ba. Idan aka kawo maka wadda ta asalinta ke kai dala ɗari a farashin kwanon shinkafa, ba sai an kira malami ya duba maka ba. Ba laifi ba ne sayar da mai araha, tun da kowa da ƙarfinsa, laifin shi ne a rantse wa mai saye cewa ta asali ce. Araha ba ta ado, amma gaskiya tana dawo da mai saye. A tambayi mutum me zai yi da ita. Mai jin karatu ko labarai a waya, ƙaramar mai igiya ta ishe shi. Mai ɗaukar murya, rufaffiya. Mai gyaran sauti a ɗaki shiru, buɗaɗɗiya, bayan an duba lambar om ɗinta. Mai Bluetooth kuwa tana da daɗin yawo, amma tana matse sauti kuma tana ɗan jinkirta shi, don haka ba ta dace da aikin situdiyo ba. Kuma tun da wasu sababbin wayoyi ba su da ramin jona igiya, a duba wayar mai saye kafin a karɓi kuɗinsa.

Kunne ba a sayensa a kasuwa

Duk abin da muka faɗa a baya asarar kuɗi ce, ita kuwa ana mayar da ita. Akwai asarar da ba ta da mayi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su aika ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba a jin zafi, ba a ganin jini. Alamar farko ita ce mutum ya riƙa jin wani ɗan ƙugi ko shewa a kunne bayan ya cire iyafis, daga nan sai ya fara cewa mutane ba sa buɗe baki in suna magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraren sauti da ƙarfi. Ana auna ƙara da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. A lissafin hukumar, baligi zai iya jure 80 na tsawon awa 40 a mako, amma da ta kai 90 sai lokacin ya faɗo zuwa awa 4 kacal a mako. Shawarar da ta bayar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma a riƙa ba kunne hutu. Haɗarin ya fi yawa a kasuwa da tasha, domin hayaniya ce ke sa mutum ya yi ta ƙara murya ba tare da ya sani ba. A nan ma buɗaɗɗiyar lasifika ba abokiyar tafiya ba ce, tun da ba ta tare hayaniyar waje.

Ba masu iyafis kaɗai ba. Mai kayan sauti da ke wuni kusa da babbar lasifika ranar kasuwa, da yaron da ke aikin injin niƙa, da uwar da ke tsayawa jiran niƙa a gindin injin da jariri goye a bayanta, duk abin ya shafe su. In kin kai niƙa, ki ajiye kwanonki ki ja da baya da yaron. In mutum biyu na tsaye nesa da juna da kamu ɗaya amma sai sun yi ihu suke jin juna, to ƙarar wurin ta kai ta yi ɓarna. Haka 'yan kabu-kabu da ke toshe kunnuwa biyu a kan titin Tanut inda manyan motoci da tankokin matatar mai ta Soraz ke zirga-zirga, su sani cewa in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Yankinmu dama yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, cutar da ta bar yara da dama da kurumta, bai kamata mu ƙara da hannunmu ba. Wanda ya ji kunnensa na ƙugi ko ruwa na fita, ya nufi likita, ya bar tura tsinke ko ashana ko ɗiga man da bai san asalinsa ba.

Ɗan kasuwa da kunnensa yake ciniki. Da shi yake jin tayi, da shi yake jin albarka, da shi yake gane muryar mai bashi a waya. Don haka muna kira ga masu haɗa sauti su riƙe amanar kuɗin da aka ba su, su gwada aikinsu a ƙaramin rediyo kafin su miƙa, masu ba da aiki kuma su daina jin kunyar cewa a sake. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kuma bar mu da jinmu da ganinmu, amin.